Yadda Saƙon Murya Ke Tafiya Daga Gari Zuwa Gari

Cikin shekarun 1990, a manyan ofisoshin kamfanonin Amurka, akwai wani aiki da ba a fara shi sai ma'aikata sun watse, an kashe fitilu, masu gadi sun rufe ƙofofi. A wannan lokaci ne na'urar da ke ajiye saƙonnin murya takan kama layin tarho ita da kanta, ta buga lambar takwararta da ke wani gari mai nisa, su gaisa da wata 'yar ƙara kamar kukan gyare, sa'an nan ta shiga karanta mata saƙonnin da mutane suka bari tun da rana, ɗaya bayan ɗaya. Idan gari ya waye, wanda aka yi wa saƙo sai ya tarar da 'yar fitila tana haske a kan tarhonsa, ya latsa maɓalli, ya ji muryar abokin aikinsa kamar yana tsaye a bakin ƙofa.

Haka abin yake idan komai ya tafi daidai. Amma in aka yi rashin sa'a wanda ya rubuta wa na'urar lambar takwarar tata ya kuskure ko da lamba guda, to, tarhon wani bawan Allah ne zai yi ta kuka a gidansa cikin tsakar dare. Ya ɗauka ya ji ƙara, ya ajiye, jim kaɗan a sake bugowa, domin na'ura ba ta jin kunya, ba ta kuwa gajiya. Masu ƙera na'urorin sun san da wannan hatsari, har wasunsu suka tanadi wata murya da za ta shaida wa duk mutumin da ya ɗauka cewa ya latsa maɓalli don a daina damunsa.

Tushen wannan duka shafi ɗaya ne, wanda mai kula da na'ura yakan cike a gaban kwamfuta domin ya gabatar wa na'urarsa da wata na'ura ta nesa: sunanta, inda za a same ta, irin lambobin akwatunan da ke cikinta, yaren da take ji, da lokacin da za a neme ta. Layukansa ba su da yawa, kuma ba wani ilmi mai zurfi ake bukata kafin a cike su ba. Wahalar ita ce, dole ne abin da aka rubuta a nan ya dace da abin da wani mutum dabam ya rubuta a can, mutumin da sau da yawa ba a taɓa haɗuwa da shi ido da ido ba.

ASALIN ABIN

Ajiye magana cikin na'ura ba sabon abu ba ne. Tun a 1898 wani injiniyan tarho ɗan ƙasar Denmak mai suna Valdemar Poulsen ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya a kan siririyar wayar ƙarfe ta hanyar maganaɗisu. Daga zuriyarta aka sami rikoda da kaset, aka kuma sami ƙaramar na'urar amsa tarho ta gida, wadda take hidimar layi ɗaya kaɗai. Abin da ya zo daga baya dabam ne: kwamfuta guda wadda take mayar da murya lambobi, ta ajiye su a akwatuna ɗaruruwa ko dubbai, kowane ma'aikaci da nasa. Masu bincike na kamfanin IBM sun yi aiki a kan wannan cikin shekarun 1970. Amma wanda ya fi suna wajen kai abin kasuwa shi ne Gordon Matthews, wanda ya kafa kamfaninsa a Jihar Texas a 1979, kamfanin da daga bisani aka sani da suna VMX. Kamfanin 3M ne ya fara sayen na'urarsa, aka kuma ba shi takardar mallakar ƙirƙirar a 1983.

Mai karatu ya san bangon akwatunan gidan waya, kowane akwati da lambarsa da makullinsa. To, haka na'urar take, sai dai murya ake jefawa ciki maimakon takarda. Ya kuma san cewa akwati mai lamba 200 akwai shi a Kaduna, akwai shi a Katsina, akwai shi a Damagaram, shi ya sa ba wanda ke rubuta lambar akwati a bayan ambulan ya bar sunan gari. Na'urorin farko ba su san da wani gari ba sai nasu. Ma'aikaci yana iya aika saƙo guda ga mutum hamsin cikin ofishinsu, amma wanda ke reshen kamfanin a wani gari sai dai a bugo masa waya a jira ko zai ɗauka.

Masu ƙera na'urori suka tashi gyara wannan, amma kowa ya gyara wa kansa. Kamfanin Octel, wanda aka kafa a 1982, ya fito da hanyarsa mai suna OctelNet. AT&T yana da na'urarsa AUDIX, Northern Telecom na ƙasar Kanada yana da Meridian Mail, ROLM kuma yana da PhoneMail, kowace tana magana da 'yan gidansu kaɗai. Ba sai an faɗa ba, wannan ya yi wa masu sayarwa daɗi, domin wanda ya sayi na'ura ɗaya tilas ya dawo ya sayi ta biyu a wuri guda. Manyan kamfanonin da ke saye ne abin ya dama, musamman idan wani ya haɗiye wani, aka wayi gari ma'aikata sun zama 'yan gida ɗaya amma na'urorinsu ba sa ga maciji.

GAISUWA DA ƘARA

A farkon shekarun 1990 aka daidaita a kan wata ƙa'ida ta bai ɗaya mai suna AMIS. Dabararta mai sauƙi ce ƙwarai. Na'ura takan bugi takwararta ta layin tarho na kullum, su yi musayar bayani da irin ƙarar da maɓallan tarho ke yi, sa'an nan mai aikawa ta kunna saƙon, mai karɓa ta ɗauka.

Akwai wani abin sha'awa game da wannan ƙara. Tsarin maɓallai masu ƙara, wanda kamfanin tarho na Bell ya fara sa wa jama'a a 1963, yana da sauti 16, amma tarhon gida maɓalli 12 ne gare shi. Sauran huɗun, waɗanda aka laƙaba wa A, B, C da D, ba a sa su a tarhon jama'a ba. Da biyu daga cikinsu na'urorin ke sallama: mai kira ta aika da C, mai amsawa ta mayar da D. Idan D bai dawo ba, mai kira ta san ba 'yar'uwarta ce ta ɗauka ba.

A shafin na'urar nesa na wannan tsari akwai lambobi biyu masu kama da juna, kuma nan ne mutane da yawa suka sha zamewa. Ta farko ita ce lambar da za a buga, cikakkiya, da duk abin da ake ƙarawa a gabanta. A ɗauka wani kamfani yana da ofis a birnin Shikago, da wani a Landan. Na'urar Shikago za ta fara da 9 don ta sami layin waje, kamar yadda aka saba a ofisoshin Amurka, sa'an nan 011 don fita ƙasar, sa'an nan 44 na Ingila, sa'an nan sauran. Ta biyu kuwa ita ce lambar shaida, watau wadda na'urar Landan za ta ambata da bakinta in ta kira, mai ɗauke da lambar ƙasa da ta yanki da ta layi. Da ita na'urar Shikago ke gane wanda ya kira, da ita kuma take sanin inda za ta mayar da amsa. In aka rubuta ta ba daidai da yadda Landan ke faɗinta ba, ko dai a ƙi karɓar saƙon, ko a karɓa amma wanda ya saurara ya kasa mayar da amsa.

Tsarin yana da iyakoki masu yawa. Saƙo ba ya wuce minti 8, kira ɗaya ba ya ɗaukar fiye da saƙo 9. Saƙon minti 3 yana cin minti 3 a kan layi, har da ɗoriya, kuma in mutum 9 aka aika wa, sau 9 za a kunna shi, watau minti 27 na kiran ƙetare. Wannan ya sa shafin yake da wurin rubuta lokacin aikawa, aka kuwa fi zaɓar dare, sa'ad da kuɗin waya ke sauka, sai saƙon gaggawa kaɗai aka bar wa hanya da rana. Muryar ma takan dushe, kamar yadda kaset ke dushewa in an yi ta kwafe shi daga wani kaset.

Sai dai illar da ta fi ɓoyuwa ita ce ta lokaci. AMIS ba ya ɗaukar sa'ar da aka yi saƙo. Na'urar da ta karɓa ita ke buga masa hatimin sa'ar da ya iso. A ɗauka manaja a Shikago ya ce ranar Litinin da la'asar, an soke taron gobe. Na'ura ta riƙe saƙon har ƙarfe 1 na dare, ta aika. A Landan lokacin ƙarfe 7 na safiyar Talata ne, domin galibin shekara awa 6 ce tsakaninsu. Wanda ya saurara zai ji an ce saƙon na Talata ne, ya ɗauka taron Laraba aka soke, alhali na ranar ne. Babu na'urar da ta lalace a nan. Wanda ya cike layin lokaci ne ya yi wa kamfani tsimin kuɗi, bai kuwa san abin da ya sayar ba.

MURYA CIKIN AMBULAN

Da intanet ta bunƙasa, sai aka ga babu dalilin kunna saƙo a kan layin tarho alhali ana iya naɗe shi a aika kamar wasiƙar imel. A watan Fabrairu 1996 Greg Vaudreuil, ma'aikacin Octel, ya wallafa tsarin gwaji mai suna VPIM a jerin takardun ƙa'idojin intanet. A Satumba 1998 shi da Glenn Parsons na Northern Telecom suka fitar da kashi na biyu, wanda masu ƙera na'urori da dama suka karɓa, aka kuma sabunta shi a 2004. Wannan karon ba a ƙirƙiro sabuwar hanya ba. Hanyar imel aka ara, watau SMTP da aka tsara tun 1982, da dabarar liƙa wa wasiƙa sauti ko hoto da ta zo a 1992. Adireshin saƙo ya zama lambar akwati, da alamar @, da sunan na'urar a intanet. An kuma yarda kowa ya matse murya ta hanya guda mai suna G.726, wadda a cikinta minti ɗaya na magana ke cin baiti 240,000, abin da layin zamani ke haɗiyewa kafin ƙiftawar ido.

Murya ta daina dushewa, kuɗin kiran ƙetare ya tafi, sa'ar da aka yi saƙo ta zama tana tafiya tare da shi. Amma shafin na'urar nesa bai tafi ba. Tsawo ma ya ƙara.

A maimakon lambar tarho, yanzu ana rubuta sunan na'urar a intanet ko lambar adireshinta. In suna aka rubuta, sai an tabbata kundin sunaye na intanet, watau DNS, ya san shi. Sa'an nan akwai katangar tsaro da kowane kamfani ke kewaye kwamfutocinsa da ita. Saƙon yakan bi ta ƙofa mai lamba 25, ƙofar imel, kuma masu tsaron katanga sun fi son ganin wannan ƙofa a rufe saboda masu aiko da wasiƙun banza. Su kuwa masu tsaron ba sashe ɗaya suke da masu kula da tarho ba. Sau da yawa an buɗe ƙofar ta gefe guda an manta ɗaya gefen, sai a ga Shikago na aika wa Landan lafiya lau, Landan kuwa tana ta tara amsoshi ba su fita ba. Wani lokaci kuma na'urar tace imel ta kamfani ce za ta ga wasiƙa da sauti a liƙe, ta ɗauka cuta ce, ta cire muryar ta bar ambulan wayam.

LAMBAR GOSHI

Layin da ya fi kowane nauyi a shafin shi ne na lambobin akwatuna. A koma ga misalin Shikago da Landan. Kowane ofis ya raba wa ma'aikatansa akwatuna tun kafin a yi tunanin haɗa su, kuma kowanne ya fara daga 2000. Saboda haka akwai akwati 2145 a nan, akwai 2145 a can, na mutum biyu da ba su san juna ba. Maganin shi ne a ba kowane gari 'yar lamba da za a sa a goshi, misali 71 ga Shikago, 72 ga Landan. Wanda ya latsa 722145 ya nufi Landan ke nan.

A baki abin ba wuya. Amma sai an shaida wa na'ura abu uku: wace lambar goshi ce ta wane gari, lamba nawa ne tsawon akwatunan can, kuma wa zai cire lambar goshin kafin a jefa saƙo cikin akwati. Idan mai aikawa ta cire, mai karɓa ma ta sake cirewa, lambar ta gutsure. Idan kowace ta bar wa 'yar'uwarta, saƙo ya iso yana neman akwati 722145, wanda babu shi. Waɗannan biyu ma da sauƙi, domin saƙon yakan dawo wa mai shi da bayanin cewa ba a sami akwatin ba. Wanda ya fi muni shi ne kuskuren da ke faɗawa kan akwati mai rai. Lambar goshi ta yi karo da farkon lambobin gida, ko an musanya ta gari biyu, ko mai aikawa ya manta da ita ya latsa 2145 kawai. A nan na'ura ba ta ganin laifi ko kaɗan. Ta kai saƙo, ta kunna fitila, ta rubuta a littafinta cewa an isar. Maganar ƙarin albashin wani, ko ta korarsa, ko farashin da kamfani zai sa a kwangila, ta shiga kunnen wanda ba a nufa ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

Saboda wannan ne wasu kamfanoni suka bar gajerun lambobi suka koma ga cikakkiyar lambar tarho ta duniya, wadda ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce ba ta wuce lamba 15 ba, kuma ba mutum biyu da ke tarayya a kanta. Ya fi tsawo a latsa, amma ba ya karo.

Akwai kuma wata garkuwa da masu gaggawa kan raina, watau sunan da aka faɗa da baki. Kowane mai akwati yakan ɗauki muryarsa yana faɗin sunansa. A tsarin VPIM wannan guntun sauti yana iya tafiya tare da saƙo, kuma ana iya umartar na'ura ta ajiye shi, ta yadda gobe in wani ya latsa 722145 zai ji mai akwatin ya ambaci sunansa kafin a aika. In ba a kunna wannan ba, abin da na'ura za ta maimaita masa lamba ce kawai, ya aika a makance. Amma shi ma wannan layi yana da ƙaya. Kundin sunayen da na'ura ta tara da kanta ba ya sanin an yi wa mutum canjin wurin aiki ko ya bar kamfani. In ba a sa masa wa'adin gogewa ko sabuntawa ba, zai ci gaba da faɗin sunan wanda ya tafi a kan akwatin da aka riga aka ba wani, ya zama garkuwar ce da kanta ke yaudarar mai aikawa.

IDAN AKA YI SHIRU

Tarhon da ya mutu kowa ya san ya mutu, domin da an ɗauka za a ji. Saƙon da ya maƙale a hanya ba ya kuka. Mai aikawa ya ɗauka an ji shi, wanda aka aika wa bai san ana nemansa ba. Shi ya sa layukan da suka shafi sake gwadawa suke da muhimmanci fiye da yadda suke a ido: bayan minti nawa za a sake neman na'urar nesa in ba ta amsa ba, sau nawa, kuma yaushe za a haƙura a mayar wa mai saƙo da saƙonsa. Ƙa'idar imel ta ba da shawarar a yi ta gwadawa har kwana 4 ko 5 kafin a fid da rai. Wannan ya dace da wasiƙa. Ga saƙon murya, wanda galibi maganar yau ce ko ta gobe, riƙe shi kwana 5 ba tare da sanar da mai shi ba daidai yake da jefar da shi. Mai kula da na'ura da ya bar wannan layi yadda ya zo daga masana'anta bai kyauta wa mutanensa ba.

Haka nan alamar sirri. Mai saƙo yana iya sa alama cewa kada a tura maganarsa ga wani. AMIS ba shi da hanyar ɗaukar wannan alama. VPIM kuwa ya yi hukunci mai kyau: na'urar da ta karɓi saƙo mai alamar sirri tilas ta hana a tura shi gaba, in kuwa ba ta iya ba, ta mayar da shi ga mai shi. Ga wanda bai san dalili ba, wannan mayarwa kamar lalacewa ce, har yakan nemi a cire alamar don saƙo ya wuce.

Duk waɗannan layuka, a tuna, sau biyu ake cike su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na'ura biyu shafi biyu ne, amma lissafin yana hawa da sauri: in kamfani yana da na'ura 10, kuma ana son kowace ta san sauran kai tsaye, kowace tana bukatar shafi 9, jimla shafi 90. Canza adireshin na'ura ɗaya yana nufin a gyara wuri 9, a garuruwa 9, wataƙila a hannun mutum 9. Wannan ya sa manyan kamfanoni suka riƙa kafa na'ura ɗaya a tsakiya kamar babban gidan waya, kowa ya san ta ita kaɗai, ita ta san kowa.

MASU SATAR JI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shafin akwai zaɓin ko na'ura za ta karɓi saƙo daga kowa, ko daga waɗanda aka rubuta kaɗai, da kuma ko za a bar ma'aikaci ya sa ta ta bugi kowace lamba a duniya. Barin waɗannan a buɗe ya fi sauƙi ranar da ake kafa na'ura, kuma ta irin wannan kafa ce ɓarayin layi suka sha yin kiran ƙetare a kan asusun kamfanoni. Na'urori da yawa kuma suna da wata ƙofar baya da injiniyan kamfanin da ya sayar ke shiga ta ita daga nesa don gyara, mai lambar sirri da ta zo daga masana'anta, wadda duk mai littafin na'urar ya san ta.

Darajar abin da ke cikin akwatunan ta bayyana a Amurka a 1998. A watan Mayu na shekarar jaridar Cincinnati Enquirer ta buga dogon rahoto a kan kamfanin ayaba na Chiquita, sai ta bayyana cewa wakilinta ya shiga akwatunan saƙon murya na kamfanin ba da izini ba. Kafin ƙarshen Yuni jaridar ta nemi gafara a shafinta na farko, ta kuma biya fiye da dala miliyan 10. A Ingila, jaridar News of the World ta rufe a watan Yuli 2011, bayan shekara 168 tana fitowa, saboda abin kunyar sauraron saƙonnin mutane. Can akwatunan wayar hannu ne, ba na ofis ba, amma ɗaya daga cikin ƙofofin da aka bi ita ce lambar sirrin da ta zo da akwati, wadda mai shi bai taɓa canzawa ba.

INDA AKA KWANA

Yawancin sunayen da aka ambata a sama sun shuɗe. Octel ya sayi VMX a 1994, Lucent ya sayi Octel a 1997, sashen ya koma hannun Avaya a 2000. Northern Telecom, wanda ya zama Nortel, ya karye a 2009, Avaya ya saye sashensa na kayan ofis. Kowane irin wannan ciniki kuwa ya bar wasu masu kula da na'urori da tsofaffin injuna iri biyu ko uku da dole su ci gaba da gaisawa. Shi kansa saƙon murya na ofis ya ja baya: kamfanin Coca-Cola ya kashe shi a hedkwatarsa ta Atlanta a ƙarshen 2014, wasu da yawa kuma suka mayar da akwatunansu ga manyan kamfanonin intanet su riƙe musu.

A Nijeriya wannan zamani bai zauna sosai ba, domin layukan tarho na ƙasa ba su taɓa wadatuwa ba kafin wayar hannu ta GSM ta shigo a 2001. Amma aika murya maimakon rubutu ya sami karɓuwa ta wata hanya. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, kuma a 2022 kamfanin ya ce ana aika biliyan 7 kowace rana a duniya. A nan ba mai cike shafin na'urar nesa, saboda kamfani ɗaya ne ke riƙe da bakin zaren duka biyu. Watau an koma gidan jiya na zamanin OctelNet: saƙo yana tafiya sumul, amma tsakanin 'yan gida ɗaya.

Inda har yanzu ake haɗa na'urori biyu na masu ƙira dabam, ƙwararrun ma'aikata ba sa yarda da shafi don kawai an cike shi. Sukan buɗe akwatin gwaji a kowane gefe, su aika daga nan zuwa can, daga can zuwa nan, su mayar da amsa ta maɓallin amsa don su ga ko lambar goshi ta dawo daidai. Sukan aika wa akwatin da babu shi da gangan, su duba agogo su ga minti nawa saƙon zai yi kafin ya dawo. Sukan aika mai alamar sirri, su gwada tura shi gaba.

Aikin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne na ranar rufewa. Idan aka rufe reshe, akan kashe na'urarsa a ɗauke, amma shafinta yana nan daram a cikin sauran 9. Jerin sunayen da ake aika wa sanarwa yana nan da tsofaffin lambobin. A zamanin AMIS, bayan wani lokaci kamfanin tarho yakan ba wani sabon mai haya lambar reshen da aka rufe, kuma duk daren da wani ya aika sanarwa ga dukan ma'aikata, tarhon wannan mutum ne zai yi kuka da ƙarfe 1.